Ƙurar roba ta kama mini ƙirji, kamfani ya ce ni lebura ne

Tambaya: Barista, shekara shida ke nan ina aiki a wani kamfanin roba a Kano, a kan injin niƙa. Tsofaffin bokitai da jarkoki muke zubawa, idan na tashi aiki har gashin girata fari yake zama. Wata takwas ke nan ina fama da tari da sarƙewar numfashi. Da na je gida hutun Sallah abin ya lafa, ina dawowa ya dawo. Manaja ya ce ni leburan kullum ne, ba ni da wani haƙƙi, amma zai ba ni naira dubu hamsin idan na sa hannu a wata takarda. Me ya kamata in yi?

Amsa: Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwa. Kada ka sa hannu a takardar nan.

Maganar cewa lebura ba shi da haƙƙi ba ta da tushe. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta haɗa da ma'aikacin dindindin, da na wucin gadi, da na kullum, har da mai koyon aiki. Ta wajabta wa kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, hukumar gwamnati mai kula da inshorar ma'aikata, daga aljihunsa, ba a yankar ko kwabo daga naka. Daga wannan asusu ake biyan kuɗin magani da diyya, kuma ba sai ka tabbatar da sakacin kamfani ba, ya isa a nuna aikin ne ya jawo ciwon. Dokar ta kuma soke duk yarjejeniyar da ma'aikaci zai yi ta yafe diyyarsa. Duk da haka, takarda mai ɗauke da sa hannunka za ta ja mana doguwar muhawara a banza.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Ana so ka sanar da kamfani cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto NSITF cikin kwana 7, sannan a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Idan akwai uzuri mai ƙarfi ana iya karɓa har zuwa shekara 3, amma ba na so ka dogara da wannan. Ciwon huhu a hankali yake shiga, don haka ranar da likita ya tabbatar da shi tana da nauyi a lissafin. Rubuta takardar sanarwa a makon nan, ka yi kwafi biyu, su buga hatimi a naka. Idan suka ƙi karɓa, ka tafi ofishin NSITF da ƙafarka.

Shari'ar nan kacokan a kan rahoton likita take tsaye. Je babban asibiti mai sashen cututtukan ƙirji, irin na Malam Aminu Kano, a ɗauki hoton ƙirji, a yi gwajin tarin tibi don a fitar da shi daga zargi, a kuma yi gwajin busa wanda ke auna ƙarfin huhu. Ka faɗa wa likita aikinka dalla-dalla: wace irin roba, awa nawa, ko ana narka ta kusa da kai. Robar PVC, irin wadda ake yin bututun ruwa da ita, idan ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai asid da ke cin hanyar numfashi. Maganarka ta hutun Sallah kuwa, roƙe shi ya rubuta ta a fayil, domin sauƙi a gida da tashin ciwo a wurin aiki babbar alama ce ta asma da aiki ke haddasawa, kuma tana cikin jerin cututtukan da dokar ta amince da su. Na san ana raba wa ma'aikata gwangwanin madara wai tana wanke ƙura. Madara ciki take tafiya, ƙura kuma huhu. Kada ka bari ta jinkirta maka asibiti.

Tunda ba su ba ka takardar ɗaukar aiki ba, tara duk abin da ke nuna kana wurin: katin shiga, alat na banki, hoton injin da ƙurar da ke kwance a kansa, da abokan aiki biyu da za su yi shaida.

Akwai kuma Dokar Masana'antu, wadda ta ɗora wa kamfani samar da na'urar zuƙe ƙura da kayan kariya. Kana iya kai ƙorafi ga sufetocin masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ko don waɗanda ke tsaye a kan injin har yanzu. Zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa kuma, tana da reshe a Kano, kuma ita ke sauraron ɗaukaka ƙara idan NSITF ta ƙi biyanka. Sai dai sashe na 12 na Dokar Biyan Diyya ya sa diyyar hukuma a madadin ƙarar kamfani, ba a cin tudu biyu, don haka lauya ya ga takardunka kafin ka shigar da ƙara. Idan babu hali, hukumar Legal Aid Council, mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta, tana da ofis a Kano.

Kada ka ajiye aiki da kanka tukuna. Nemi likita ya rubuta cewa a ɗauke ka daga kan injin niƙa, ka haɗa da takardar sanarwar.