Zaren Rama a Ƙofar Mota: Amsa ga Manomi

Tambaya: Malam, na ji an ce yanzu ana haɗa zaren rama da roba a yi kayan mota. Gaskiya ne? In haka ne, in ƙara faɗin gonar ramata bana?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa. Ramar nan da muke shukawa a gefen gona don kwaɗo da tufkar igiya, ita ce Toyota ta daɗe tana cakuɗa zarenta da roba, a matse ya zama bangon cikin ƙofar mota. Ford ma ta sa shi a ƙofar motarta Escape ta 2013. A da zaren gilashi ake zuba wa roba don ta yi ƙarfi, amma nauyinsa ya kusa ninka na rama, mota kuwa in ta rage nauyi tana rage shan mai. Malesiya har hukuma ta kafa wadda ke jan manoman taba zuwa noman rama.

Sai dai ramar masana'anta ba a noma ta kamar ta miya. Ka shuka ta a matse da zarar damina ta zauna, ta miƙe sama ba reshe, kuma kada a tsinke mata kai. Ka yanke in ta fara fure. In ta kai ga 'ya'ya, zaren ya yi tauri, ɓarewa ta yi wuya.

Wajen jiƙo ne mutane suka fi asara. Mako ɗaya zuwa biyu ya isa; kullum ka zaro kara ka gwada, in bawo ya saki cikin sauƙi, fito da ita. In ta wuce haka, zaren zai ruɓe. Kuma don Allah ban da tafkin da dabbobi ke sha, ruwan jiƙo wari yake yi, yana ɓata shi.

In ka ɓare zaren, ka wanke, ka shanya har ya bushe ƙayau, ka ajiye nesa da ƙasa. A masana'anta ana narkar da robar da zafin da ya kusa digiri 200, ɗan danshin da ya rage sai ya zama tururi ya bar ramuka a cikin kayan. Shi ya sa masu saye ke ƙin ɗanyen zare. Farin karan da ya saura kada ka ƙone; ya kai kashi biyu cikin uku na nauyin shukar, ana yin allo da shimfiɗar kaji da shi.

Batun faɗaɗa gona kuwa, ban ba ka shawara ba tukuna. Ka fara samun mai saye, ku daidaita farashi da irin zaren da yake so. Cibiyar binciken noma ta IAR&T da ke Ibadan ce ke binciken rama a Najeriya, can za ka nemi ingantaccen iri. Bana gwada kunya kaɗan, ka kai wa mai sayen samfur.