Me Za a Samu a Tsokar da Ta Shekara Uku Cikin Kaki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekara uku ke nan da aka yi wa mahaifiyata aikin cire ƙari a mama a wani asibiti a nan Jos. Yanzu likitanta ya ce mu karɓo "bulok" daga ɗakin gwaji, za a aika da shi Abuja a binciki ƙwayoyin gadon ƙarin. Da aka miƙo mini, sai na ga ɗan kaki ne manne da roba, bai kai kwalin ashana ba, da ɗigon nama mai ruwan ƙasa a tsakiyarsa. Anya wannan busasshen abu zai ba da wani bayani? Daga wata mai karatu a Unguwar Rogo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah Ya ba Mama lafiya. Zai bayar, domin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, da furotin suna nan a cikin naman, sai dai a ɗaure suke. Idan an cire ƙari, ana jefa shi cikin ruwan fomalin, wanda wani likita Bajamushe, Ferdinand Blum, ya gano amfaninsa a 1893, sannan a tsotse ruwan jikinsa da sinadarin alkohol, a dasa shi cikin narkakken kaki. Fomalin yana hana ruɓewa ne ta hanyar ƙulle furotin da furotin, da kuma furotin da DNA, kamar zaren saƙa da ya cukurkuɗe.

Aikin masu bincike shi ne warware wannan ƙulli. Suna yanko shafi mai kaurin maikiron 5 zuwa 10 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wanda ya fi ɓawon albasa siranta nesa ba kusa ba, su wanke kakin da sinadarin zailin, su zuba furotinas K, sinadarin da ke farfasa furotin, ya narkar da naman a zafin digiri 56, daga nan su ɗaga zafin zuwa wajen digiri 90 domin ƙullin ya saki. Furotin ma da zafi ake kwance shi, dabarar da ta yaɗu tun 1991, kuma da ita ake duba HER2, wani furotin da ke hanzarta girman ƙari, a sankarar mama. DNA ɗin da ke fitowa guntu-guntu ne, wani lokaci ma fomalin yakan sa harafin C ya fito kamar T a cikin haruffa huɗun da ake karanta DNA da su, har a zaci sauyin gado ne alhali ba shi ba ne, shi ya sa ƙwararru ba sa gaskata kowane sauyi sai sun tantance.

A ganina, shekarun da bulok ya yi ba su kai sa'o'in farko muhimmanci ba. Ƙa'idar tsokar mama ita ce ta shiga fomalin cikin awa ɗaya da cirewa, ta zauna awa 6 zuwa 72. Idan ta kwana a kwano, ko aka manta da ita mako biyu a kwalba, ɓarnar ta riga ta auku. Daskararriyar tsoka ta fi ba da DNA mai kyau, amma tana buƙatar firjin da ke riƙe sanyin digiri 80 ƙasa da sifili dare da rana, kuma kin san halin wutarmu. Bulok kuwa aljihun tebur ya ishe shi.

Kafin ki kai shi, kada ki bar shi a mota cikin rana, domin kakin yana narkewa a wajen digiri 56 zuwa 60. Ki haɗa shi da takardar sakamakon farko, ki tabbatar lambar da ke jikinsa ta dace da ta takardar, kuma ki nemi a dawo da ragowarsa idan an gama.