Likita, me za a yi da jinin ɗana bayan an gama gwaji?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara shida yana da sikila. Da muka je ganin likita sai aka miƙo mini takarda, wai in sa hannu a ajiye ragowar jininsa don bincike. Na ce sai na yi shawara da mahaifinsa. Jinin da ba za a ƙara wa kowa ba, me amfanin ajiye shi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Kin yi daidai da ba ki sa hannu a kan abin da ba ki gane ba.

Wurin da za a kai jinin tamkar rumbu ne, sai dai maimakon hatsi, samfurin jini, fitsari, yawu ko ɗan naman da aka cire wajen tiyata ake zubawa. Ana cire sunan mutum a manna lamba, a saka a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, wani ma a ruwan naitirojin mai sanyin 196. A nan gida, rabin wahalar aikin ita ce wutar lantarki, don in firizar ta kwana ba wuta, aikin shekaru ya tashi a banza.

Jinin yaro ɗaya ba ya gaya mana komai. Na yara dubu, haɗe da tarihin jinyarsu, shi ke iya nuna dalilin da ya sa wani mai sikila ke shanyewar ɓarin jiki tun yana ƙarami, wani kuma ya girma bai taɓa yi ba. A Birtaniya an tara samfurin mutum kusan 500,000 tsakanin 2006 da 2010, har yau ana bin lafiyarsu. To amma galibin binciken ƙwayoyin gado a duniya a kan Turawa aka yi shi, kuma jikinsu ba ya ba da labarin namu duka. Misali, a 2010 aka gano cewa wasu nau'o'in ƙwayar gado mai suna APOL1, waɗanda suka yawaita a Afirka ta Yamma, suna ba da kariya daga wani nau'in cutar barci amma suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda. Cike irin wannan giɓin ne ya sa shirin binciken ƙwayoyin gadon 'yan Afirka mai suna H3Africa ya kafa rumbuna a Abuja, Kampala da Johannesburg.

Ba zan yaudare ki ba, mai yiwuwa ɗanki ba zai ga amfanin kai tsaye ba. Dashen giginya ne, na baya ke shan 'ya'yan.

Tambaya: Likita, mu mutanen Kano ba mu manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yaranmu a 1996 ba. Wa ya tabbatar mana ba sayar da jinin za a yi ba? Daga wani magidanci a Kano.

Amsa: Malam, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ban ga laifinka ba. Ba mu kaɗai aka yi wa ba. A 1951, a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, an ɗebi ƙwayoyin ciwon daji daga jikin wata baƙar fata, Henrietta Lacks, ba tare da an tambaye ta ba. Ta rasu a shekarar, ƙwayoyin kuwa suka bazu a ɗakunan gwaji na duniya, har aka yi amfani da su wajen gwada rigakafin shan inna, iyalinta ba su ji labari ba sai bayan fiye da shekara ashirin.

Yanzu akwai ƙa'ida. Najeriya ta fitar da kundin ɗa'ar binciken lafiya a 2007, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma ba a fara bincike sai kwamitin ɗa'a ya amince. Amma takarda ba ta tsare kanta. Ka tambaya a ina za a ajiye samfurin, ko za a fitar da shi waje, da kuma wa za ka nema in ka sauya ra'ayi. Ka sa a karanta maka takardar da Hausa. In ka ce a'a, ba wanda ke da ikon rage maka kulawa. In ka janye daga baya za a iya lalata abin da ya rage, sai dai sakamakon da aka riga aka fitar ba ya dawowa. Wanda ya ƙosa da waɗannan tambayoyin, ni kaina ba zan ba shi hannuna ba.

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu da ciwon daji na hanta, aka ce an shigar da shi rajista. Ta mece ce? Daga wata ɗaliba a Gombe.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. 'Yata, wannan rajistar masu ciwon daji ce, ba jini ba ne, rubutu ne: shekarunsa, inda yake zaune, irin ciwon, lokacin da aka gano shi da yadda ya ƙare. Ibadan ta fara irin wannan rajista tun 1960, tana cikin na farko a Afirka. Da ita ake sanin wane ciwo ke ƙaruwa, da inda ya kamata a kai injin gashin ciwon daji. Ƙirga ma kan buɗe ido: likita Denis Burkitt ya bayyana wani ciwon daji na muƙamuƙin yara a Yuganda a 1958, ya bi asibitocin Afirka yana tattara bayanai, taswira ta nuna ciwon na bin yankunan da zazzabin cizon sauro ya yi katutu. Raunin namu shi ne wanda ya rasu a gida bai zo asibiti ba, ba ya shiga lissafi.

Ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki. A yankinmu, ƙwayar ciwon hanta nau'in B ce kan gaba wajen jawo irin ciwon Baba, kuma tana zama a jiki shekaru ba alama. Ke da 'yan uwanki da mahaifiyarku ku je a gwada ku. Wanda ba shi da ita ya karɓi allurar rigakafi, sau uku ake yi. Wanda aka samu da ita kuma a fara duba hantarsa tun yanzu.