Hukuncin Yanke Kuɗin Awa Ga Ma'aikacin Riƙon Ƙwarya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni akanta ne, na ajiye aikin albashi, yanzu kamfanoni ke ɗaukata riƙon ƙwarya na wata uku zuwa shida, suna biyana da awa. Kuɗin da nake son yankawa ya ninka abin da awa ɗaya ke kamawa a tsohon albashina, sai abokina ya ce ribar da ta wuce sulusi haramun ce. Kuma wani lokaci ina cikin taron wani kamfani ta intanet nakan taɓa aikin wani. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Aikinka ijara ce, wato yin aiki a kan lada, halas ce babu saɓani, muddin an san ladan awa da irin aikin kafin a fara.

Ninkin nan ba zalunci ba ne. Mai albashi ana biyansa awa 2,080 a shekara, wato awa 40 sau mako 52, har da ranakun hutu da na jinya. Kai kuwa cire hutu, cire zaman jira tsakanin kwangila da kwangila, cire lokacin neman aiki da bin kuɗi. In awa 1,300 ta rage, a kanta za ka raba buƙatarka ta shekara, haɗe da haraji, tanadin tsufa da kayan aiki. Wanda ya raba da 2,080 zai ga gibi a ƙarshen shekara, daga nan Shaiɗan ke raya masa ya ƙara awannin da bai yi ba.

Maganar abokinka ba ta da nassi. Sulusin da wasu Malikiyya suka ambata ma'aunin gabnu ne, wato cutar wanda bai san farashi ba ya miƙa wuya ga mai sayarwa. Ba iyakar riba ba ce. Urwatul Bariƙi, a hadisin Buhari, an ba shi dinari ɗaya ya sayo akuya, ya sayi biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, Annabi (SAW) ya yi masa addu'ar albarka. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ma, a zamanta na Kuwait a 1988, ta zartar cewa babu wani kaso da shari'a ta ƙayyade wa riba. Sannan ladan gumi ba shi da uwar kuɗi, to sulusin me za a auna? Sai dai in mai aikin ya ce bai san farashi ba ya dogara da kai, faɗa masa yadda kasuwa take.

Abin da ya fi damuna, ɗan'uwa, shi ne wanda ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba. Wanda ake biya da awa, lokacinsa aka saya. Awar da ka rubuta wa kamfani mallakinsa ce ko da bai ba ka aiki a cikinta ba, don haka karɓar kuɗinta daga wuri biyu cin haram ne, sai da sanin duka biyun da yardarsu. Abin da ya wuce ka ƙiyasta shi, ka mayar ko ka zaftare daga lissafi na gaba.

Ka rubuta a yarjejeniya yadda za a cike guntun lokaci, misali zuwa minti 15, da hukuncin lokacin tafiya da sallar farilla. Kada ka sa tarar kuɗi a kan jinkirin biya, wannan riba ce ta bashi, wato kuɗin ruwa. Nemi kafin alƙalami, ko ka riƙa kai lissafi duk mako biyu. Kuma ka duba littattafan da za ka riƙe, kada su zama na mu'amalar ruwa.

Wallahu a'alam.