An shafa kwalta sau biyu, har yanzu ɗakina yana yoyo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Rufin ɗakina na kwano ne, ya kai shekara 9 da bugawa. Duk ranar da aka yi ruwa da iska sai silin ya jiƙe a kusurwa ɗaya. Sau biyu ana hawa ana shafa kwalta daidai saman wurin, amma ɗigar ba ta tsaya ba. Sai na sauya kwanon gaba ɗaya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka yi gaggawar sayen kwano, ɗan'uwa. Kwanon shekara 9 da tsatsa ba ta cinye ba yana da sauran aiki a gabansa. Abin da na fi zato shi ne ana ta liƙe inda ba nan ruwan yake shiga ba.

Ruwa ba ya sauka a miƙe. Idan ya samu kafa, sai ya bi cikin kwanon ko jikin katako ya gangara, wani lokaci mita biyu ko uku, kafin ya ɗigo kan silin. Don haka tabon da kake gani ƙarshen tafiyarsa ne, mafarin yana can sama da shi. A samu ranar da babu hadari, mutum ɗaya ya shiga cikin silin da tocila, ɗaya ya hau da tiyo. A fara zuba ruwa daga ƙasan rufin, a dakata 'yan mintoci, sannan a matsa sama kaɗan kaɗan. Idan aka fara daga sama, ruwan zai wanke ko'ina, ba za a gane komai ba.

Maganar iska da ka yi ita ta fi jan hankalina. Ramin ƙusa yana yoyo a kowane irin ruwa, amma yoyon da sai da iska yawanci daga mahaɗar kwano ne. Iska takan tura ruwa ya hau tsakanin falle biyu idan ba su hau juna sosai ba. A tsawo, ya kamata na sama ya rufe na ƙasa da aƙalla santimita 15, fiye da haka ma idan rufin bai da gangara sosai. A gefe kuma su hau juna da tudun kwano ɗaya da rabi. Wasu kafintoci sukan rage wannan don kwano ya isa, mai gida kuwa ba zai sani ba sai damina. A kuma duba inda kwano ya haɗu da bango, da hular da ke ƙoli, da kwarin da rufi biyu suka haɗu. Tunda kusurwa ce, har indararo a leƙa: idan ganye da ƙasa sun toshe shi, ruwa yakan taru ya koma ciki.

Sai ƙusoshi. Kwano yana miƙewa da zafi, yana tsukewa da sanyi. Fallen ƙarfe mai mita 10 yana ƙaruwa da kusan milimita 5 idan zafinsa ya hau da digiri 40, na alminiyam kuma kusan ninki biyu. Wannan motsi na kullum shi ke sassauta ƙusa, rana kuma ta busar da robar da ke ƙarƙashin kanta. Wadda ta ɗago a cire ta, a sa sukuru mai sabuwar roba da ya ɗan fi ta kauri, a kan tudun kwano, ba a kwarin da ruwa ke bi ba.

Kwalta a ganina maganin wucin gadi ce, rana takan tsattsage ta, ruwa ya kwanta a ƙarƙashinta ya jawo tsatsa. Ƙaramin rami a kankare shi, a bari ya bushe, a sa gam ɗin silikon, amma ban da mai wari mai tsami, domin yana cin kwano. Fallen da ya ruɓe a sauya shi shi kaɗai.

Mai hawa ya taka layin ƙusoshi, nan ne katako yake, kuma kada ya hau kwano a jiƙe. Kafin gyara, idan jiƙar ta kusanci ƙwan lantarki ko fanka, ka kashe wutar ɗakin.