Kada ku shafe tsohon zaure da siminti

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Daura ne, ina cikin kwamitin unguwarmu da ke fatan masu yawon buɗe ido da ke zuwa Rijiyar Kusugu su riƙa biyowa ta tsohon zauren kakanninmu. Zauren ya fara tsagewa, ga damina ta ƙarato, kuma wani ɗan kwangila ya ce mu shafe shi da siminti, mu manna tayil, wai baƙi ba sa son ginin ƙasa. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gara da hankalinka bai kwanta ba, domin wannan shawara ita ce cutar da na fi yawan cin karo da ita a wannan aiki.

Ginin ƙasa yana shan laima kuma yana fitar da ita. Idan aka lulluɓe shi da siminti, ruwan da ke tasowa daga tushe ba ya samun hanyar fita, sai tubali ya jiƙe ta ciki, azara ta ruɓe, gara ta samu gida, bango kuwa yana nan sumul a ido har ranar da ɓawon simintin zai ɓanɓare ya zo da rabin katanga. Kafin nan ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Na sha ganin zauren da ya shekara ɗari a tsaye ya zube cikin 'yan damuna bayan irin wannan “gyara”.

Batun wai baƙi ba sa son ginin ƙasa kuwa, zancen wanda bai taɓa raka baƙo ba ne. Wanda ya baro Legas ko Abuja ya bar tayil a banɗakinsa. Me zai sa ya biya kuɗin mota ya zo kallon naku? Abin da ke kai mutane Hasumiyar Gobarau a Katsina tsufanta ne da ƙasar da aka gina ta da ita. A Mali, babban masallacin Jenne, wanda UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa garinsa cikin wuraren tarihi na duniya a 1988, duk shekara mutanen gari ke taruwa su yaɓe shi da laka, har ranar yaɓen ta zama bikin da ake zuwa kallo daga nesa.

Ku nemi Sarkin Magina ko tsofaffin maginan da suka san makuba da katsi, wato kayan yaɓen gargajiya masu hana ruwa shiga bango, a cike tsagar da irin ƙasar ginin, a gyara indararo, a janye kwata daga gindin bango, a kuma ɗauki hotuna kafin a taɓa komai. Kuɗin tayil ɗin ku gina banɗaki mai tsabta da rumfa a gefe, ku koya wa matasa biyu tarihin gidan, ku shirya kafin Sallar Gani da Hawan Magajiya, lokacin da Daura ke cika da baƙi daga Kano da Katsina da Nijar.