Amsa: su wa suka taya Koriyawa faɗa da Japan?

Ɗan'uwa ka tambaya ko Koriyawa su kaɗai suka yi fama da mulkin mallakar Japan daga 1910 zuwa 1945. A'a wallahi, akwai baƙi da suka sa hannu sosai.

Wanda ya fi burge ni shi ne Frank Schofield, likitan dabbobi ne daga Kanada da ke koyarwa a kwalejin likitanci ta Severance a Seoul. Da zanga-zangar neman 'yancin kan Koriya ta 1 ga Maris 1919 ta ɓarke sai ya ɗau kyamara ya shiga titi yana ɗaukan hotuna, kuma da sojan Japan suka kulle mutane cikin coci a ƙauyen Jeam-ri suka banka wuta, shi ya je har wurin ya ɗauko hoton toka da ɓaraguzai ya aika waje duniya ta gani, ga shi kuma mutumin shan-inna ta taɓa masa hannu da ƙafa fa. A maƙabartar ƙasa ta Seoul aka binne shi a 1970.

Kai har ɗan Japan akwai, lauya Fuse Tatsuji, ya dinga kare Koriyawa a kotu har aka ƙwace masa lasisi. Sai 2004 Koriya ta Kudu ta ba shi lambar yabo, bayan ya daɗe da rasuwa.